Soyayya a Lokacin Makoki: Yadda Wani Albam Ya Maido Mini da Birona

 

Masu jiran ci gaban labarin da muke ciki su yi mini afuwa zuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yau wata magana ce ta tsaya mini a rai, kuma na ga in ban fitar da ita ba, ko na zauna rubutun ma ba zai yi daɗi ba.

Kwanakin baya wani bawan Allah ya aiko mini da saƙo mai zafi. Ya ce shi ɗan gabashin Sakkwato ne kamar ni, kuma ya ji kunya ƙwarai a ce mace 'yar Sabon Birni, wadda ta san halin da danginta suke ciki, ta zauna tana rubuta wane yana son wance, wance ta yi fushi, wane ya zo biko. Ya ce ko dai ba ni da zuciya a ƙirji, ko kuwa kuɗin 'yan mata nake nema. Ya rufe da cewa in har ni marubuciya ce ta gaskiya, to in rubuta jinin da ake zubarwa, in bar shirme.

Wallahi ban ji haushinsa ba. Dalili kuwa shi ne, hukuncin da ya yanke mini, ni da kaina na riga shi yanke wa kaina, har na ajiye biro kusan shekara ɗaya da rabi ban rubuta ko layi ɗaya ba. Abin da ya maido ni kuma, in na faɗa muku wasu za su yi dariya, wasu su yi salati: waƙoƙin soyayya ne irin na zamani, waɗanda dattawanmu suke kira waƙoƙin fiyano. Shi ya sa nake so in ba wannan ɗan'uwa amsa a gaban kowa, domin na san ba shi kaɗai yake da wannan tunani ba.

Ni dai a Sabon Birni aka haife ni, mahaifiyata kuma mutuniyar Isa ce, saboda haka hanyar da ta haɗa garuruwan nan biyu na san ta kamar tafin hannuna. Gidanmu gidan Narambaɗa ne, wato ba a jin wani kiɗa a rikodar mahaifinmu sai nasa. Duk Bagobiri ya san matsayin Makaɗa Ibrahim Narambaɗa Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, mai Bakandamiya. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan tsayar da kaset ya fassara mana baiti guda, ya ce wannan ita ce Hausa, saura duk tatsuniya. Wannan a zaure ke nan. Amma a cikin gida da dandali wata waƙar ce daban. In farin wata ya fito, 'yan mata mukan taru mu yi gaɗa, muna tafi muna faɗawa hannun juna, kuma rabin abin da muke rerawa zancen samari ne: wanda ake so, wanda ba a so, tsohon da aka ce za a ba mutum, da saurayin da ya tafi cin rani bai aiko da saƙo ba. Ba wanda ya taɓa ɗaukar waɗannan a kaset, amma da su muka tashi.

Da na shiga sakandare ta kwana sai na haɗu da littafi. A ƙarƙashin katifa muke ɓoye su, ana karɓa layi-layi, kowa da darenta. A nan na karanta In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, da Allura Cikin Ruwa na Anti Bilkisu Funtuwa. A 1999 kuma fim ɗin Sangaya ya fito, wanda Ali Nuhu da Fati Muhammad suka yi, waƙarsa ta cika ƙasar Hausa, ba shagon mai shayi ba gidan biki. Na tuna da biro muke juya kaset ɗin don kada batir ya ƙare, kuma da wannan biron na fara rubuta littafina na farko a cikin littafin makaranta mai shafi 60. Ke nan tun farkon fari, kiɗa da rubutu tare suka shigo hannuna. Na ci gaba da rubutu bayan na yi aure a cikin garin Sakkwato, ana kai mini Kano a buga, a rarraba wa 'yan littafi na kasuwar Sabon Gari. Ko a 2007 da aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, aka ce mu ne masu ɓata tarbiyya, ban daina ba. Zagi bai taɓa hana ni rubutu ba.

Abin da ya hana ni shi ne watan Mayun 2020.

Mai karatu zai iya tuna wannan lokaci. Ana cikin kullen korona, aka yi ƙaramar Salla ranar 24 ga wata, kowa a gida. A kwanakin ne waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta mamaye wayoyin mutane, matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa da ita suna sakawa a intanet, malamai suka yi ca, aka yi ta ce-ce-ku-ce. To, kwana uku bayan Sallar, ranar 27 ga wata, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni, suka kashe fiye da mutum 70. Ina zaune da waya a hannu, in na ja sama in ga gawarwaki an jera a ƙasa, in na ja ƙasa in ga ana rawa ana dariya. Wallahi tallahi a ranar na tsani waƙar nan, na tsani mai ita, na tsani masu rawar, sannan na juyo na tsani kaina. Na ɗauko littafin da nake rubutawa, na kai inda saurayi ya tsaya a ƙofar gida yana jiran budurwa ta gama kwalliya, na ce wa kaina: ke yanzu wannan ne aikinki? Na rufe shi na jefa ƙasan akwati.

Na yi ƙoƙarin yin abin da ɗan'uwan nan yake so in yi. Na sayi sabon littafi na ce zan rubuta labarin ta'addancin. Sai in rubuta shafi biyu in ga ba komai ba ne illa labaran rediyo: an shiga gari kaza, an kashe mutum kaza, an kora shanu kaza, an sa wa gari kaza haraji. Babu mutum a ciki, sai lissafi. Abin ya fi ƙarfin birona, ban san ta inda zan kama shi ba. Haka na zauna, masu karatu suna tambaya ina ce musu ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya na yi ba.

A cikin 2021 abin ya ƙara ƙamari. Mutanenmu da dama suka tsallaka Nijar, wajen Gidan Rumji a jihar Maraɗi, wasu suka gangaro Sakkwato. Yayana ya aiko mini da ɗiyarsa budurwa ta zauna wurina, domin a lokacin duk mai ɗiya mace a yankin ba ya barci da ido biyu. An riga an sa mata rana da wani yaro tela a Isa. Ba ta daɗe da zuwa ba, a watan Satumba, gwamnati ta rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Sabon Birni da Isa. Mu a cikin gari muna da sabis, su can babu. Sai wanda yake da layin Nijar ya nemi tudu ya hau, ko a ba direba saƙo da baki. Makonni suka yi ta tafiya yarinyar nan ba ta san ko yaron yana raye ba.

Wani dare na fito zan kewaya, wajen ƙarfe biyu, sai na ji ƙaramin sauti daga ɗakinta. Na tura ƙofa, na same ta zaune a kan tabarma cikin duhu, ta manna waya a kunne. Da na matsa sai na gane muryar, mai Jaruma ne. Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika saurare da tsakad dare? Ana kashe mutane garinku ke kina nan kina jin waƙa?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gwaggo, ba waƙa nika saurare ba, shi nika saurare. Tun da anka yanke layi ban ji muryatai ba. Shi yaz zaɓo su da hannunai."

Ashe ana gobe za ta taho, yaron ya karɓi mimorin wayarta ya kai wa masu turi a bakin tasha, ya biya kuɗi aka zuba mata waƙoƙi goma sha biyu, mafi yawansu na Hamisu Breaker, ya tsaya a kan mai turin sai da aka jera su yadda yake so. Shi ne take kira albam ɗinta. Yaro ne mai kunya, irin wanda in ya zo zance rabin lokacin ƙasa yake tona da tsinke. Abin da bakinsa ya kasa faɗa, shi ne ya biya aka zuba mata.

Na rasa abin cewa. Na zauna kusa da ita, ta cire wayar daga kunne ta ajiye tsakaninmu, muka saurara tun daga ta farko har ta ƙarshe, ba wanda ya yi magana. Ni da na shigo da faɗa, sai ga ni ina share hawaye da bakin zane. Da asuba bayan na yi salla, na jawo akwatin nan na ciro littafin da na jefar. Saurayin yana nan tsaye a ƙofar gida inda na bar shi wata goma sha bakwai da suka wuce. Na dube shi na ce, ashe kai ma ɗan Isa ne ban sani ba. Kafin rana ta fito na cika shafi tara.

To, mene ne waƙoƙin nan suka yi mini? Na daɗe ina juya wannan tambaya, domin ba na so in yi muku zancen "ilhama ta sauko" kamar wata aljana. Abubuwa ne da ake iya lissafawa.

Na farko, waƙa ta koya mini in kama ƙaramin abu. Mawaƙin soyayya ba ya cewa zai ba ka labarin duniya. Abu ɗaya yake ɗauka, ko kewa, ko kishi, ko roƙon a yafe masa, ya riƙe shi minti biyar yana juya shi ta kowace fuska har sai ka ji shi a jikinka. Ni kuwa na tsaya ina so in ɗauki bala'in yanki guda a ka, shi ya sa na kasa ko ɗaga shi. Da na saurari albam ɗin sai na gane ba aikina ne in rubuta mutum 70 ba, wannan aikin 'yan jarida ne, kuma Allah ya saka musu. Aikina in rubuta yarinya ɗaya da take jiran kira ɗaya. Wanda ya ji zafin wannan ɗayar, shi ne zai san nauyin saba'in ɗin.

Na biyu, jerin waƙoƙin. Mu da muka tashi da kaset mun san albam ba tarin waƙoƙi ba ne kawai, akwai gaba akwai baya, akwai wadda ake buɗewa da ita da wadda ake rufewa. Yaron nan da bai wuce ƙaramar sakandare ba ya fara da yabo, ya bi da alkawari, ya sa na rabuwa da bege a tsakiya, ya rufe da ta biki. Wannan ai babi-babi ne na littafi. Bugu da ƙari, yawancin waƙoƙin nan murya biyu ne, namiji ya faɗa mace ta amsa, wani lokaci ta ƙi yarda, ya sake lallashi. Duk marubucin da hirar taurarinsa ta bushe, ya je ya saurari yadda ake wannan karɓa-karɓa, zai ga inda yake kuskure: mu mukan bar mutum ɗaya ya yi ta zuba shafi guda, alhali zance ba haka yake ba.

Na uku, kalmomi. Ban san bakina ya talauce ba sai a daren nan. Shekara ɗaya da rabi ba abin da nake furtawa sai fansa, hari, gudun hijira, jana'iza, "an ji lafiyarsu?" Kalmomi irin su bege, shauƙi, kewa, muradi, lallashi, sun bar bakina kamar baƙin da aka yi wa rowa. Harshe kuwa kamar rijiya ne, in an daina ja sai ta cushe. 'Yan bindiga sun ƙwace mana gonaki da shanu da hanya, ni kuma da hannuna na ƙara musu da rabin Hausata ban sani ba.

Na huɗu, kuma shi ne babba, fuskar mai saurare. Ba waƙar ce kaɗai ta tashe ni ba, yarinyar ce. Na ga dandalinmu na gaɗa bai mutu ba, ƙaura ya yi. Yau a ƙauyukanmu wace uwa ce za ta bar ɗiyarta ta fita dandali da dare? Farin wata da muke murna da shi ya zama abin tsoro. To, abin da muke rerawa da tafi a fili, shi ne 'ya'yanmu suke saurare a ɓoye cikin waya. Buƙatar ba ta canza ba, wurin ne ya canza. In kiɗa ya sauya, rawa ma dole ta sauya.

Yanzu bari in dawo kan ɗan'uwana mai saƙo. Malam, ka ce in rubuta jini in bar soyayya. Ni kuma ina tambayarka: me ake kashewa in an kashe mutum? A watan Disambar 2021 aka tare motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni, aka cinna mata wuta kusa da Gidan Bawa, aƙalla mutum 23 suka ƙone. Kowane ɗaya daga cikinsu akwai wadda ta haɗa masa guzuri, akwai wanda ya raka shi tasha, akwai mai jiran ya sauka ya kira. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, aka kashe shi a hannun masu garkuwa a watan Agusta. Duniya ta ga sarki, amma a cikin gidansa miji aka rasa, uba aka rasa. In ba mu rubuta yadda mutanenmu suke son junansu ba, wanda yake Kano ko Kaduna ko Legas zai ci gaba da jin sunan Sabon Birni kamar sunan wani fagen yaƙi, ba garin da ake kai lefe ana rigima a kan akwati ba. Wanda ba a san yana da masoyi ba, mutuwarsa ba ta da nauyi a kunnen nesa.

Kuma ka duba tarihinmu. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse, wasu suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya wasu suka kafa Sabon Birni. Tarihi ya riƙe mana sunayen sarakuna tun daga su Bawa Jan Gwarzo, makaɗan fada sun riƙe mana kirarinsu da na dawakinsu. Amma ina labarin matan da suka yi wannan gudun da goyo a baya? Ina na budurwar da aka sa wa rana kafin birni ya faɗi? Babu wanda ya rubuta, alhali ba don an ci gaba da so ana aure a cikin wannan wahala ba, da ni da kai ba mu zo duniya ba. Wannan gibin shi ne gonar marubucin soyayya. Ba na so jikokinmu su tashi su tarar da sunayen 'yan bindiga kaɗai a rubuce.

Sai dai kada a ce na zo tallar mawaƙa. Akwai gaskiya a cikin sukar da ake yi musu, kuma zan faɗe ta. Ni ba malama ba ce, ba zan shiga hukuncin kiɗa ba, wannan fagen masu ilimi ne kuma kowa ya san malamin da yake bi. Amma a matsayina na uwa, har gobe ban ga dalilin da zai sa mace ta ɗauki rawar da ta yi wa mijinta a ɗaki ta baza wa duniya ba. Wannan ra'ayina bai canza ba tun 2020. Abin da ya canza shi ne na daina ɗora wa waƙar laifin abin da aka yi da ita. Wuƙar da aka yanka albasa da ita, da ita ake yanka mutum.

Haka kuma ta fuskar fasaha, da yawan waƙoƙin nan kalmominsu ba su wuce ashirin ba, ana ta jujjuya su. Na'ura tana gyara murya har ka kasa bambance wane da wane. In ka ajiye su kusa da Narambaɗa ta wajen zurfin Hausa da azanci, to mahaifina yana da gaskiya, tazarar da nisa. Akwai masu ƙoƙari, irin su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef sun daɗe suna fitar da albam-albam da mutane suke haddacewa, kuma wanda ya iya sa dubban mutane su haddace maganarsa ba a raina shi. Amma soyayyar da ke cikin yawancin waƙoƙin soyayyar birni ce. Ba ka jin fadamar Rima a ciki, ba ka jin ƙanshin albasa a bakin gulbi, ba ka jin saurayin da yake lissafin ko zai iya zuwa zance ya dawo kafin la'asar saboda hanya. Wannan rashin bai dame ni ba, domin shi ne ya bar mini wurin zama. Mawaƙi ya buɗe ƙofar, ni ce zan shigo da mutanen garinmu.

A nan zan ja kunnen ƙannena marubuta, musamman masu tasowa yanzu da suke sakin labari a WhatsApp da Wattpad, da masu shiga gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016. Na sha ganin an kwashe baitin waƙa sukutum an sa a bakin tauraro a matsayin kalaman soyayya. Wannan ba ilhama ba ce, sata ce, kuma mai karatu yana ganewa. In rubutu ya tsaya miki, ki saurari albam ɗin tun daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake ko ɗaya, sannan ki kashe shi. Ki tambayi kanki wa kika tuna, a ina, yana sanye da me, me ya faɗa da ba mawaƙin da ya taɓa faɗa. Wannan shi ne naki. In kuma da hali, ki kalli wani yana saurare, domin labarin yana fuskarsa, ba a cikin wayar ba.

Na san za ku tambaye ni yarinyar. Alhamdu lillahi, yaron yana raye. Wani direba ne ya fara kawo mana labari, daga baya shi da kansa ya kira da layin Nijar, maganar ba ta fi minti biyu ba, rabinta ma gaisuwa ce da ni. An ɗaura aurensu a 2022. Ba a yi kiɗa ba, ba a yi ayarin motoci ba. Mota ɗaya aka sa amarya da rana tsaka, mu uku muka raka ta, kowa yana addu'a a zuci har muka shiga Isa. Ni da aka kai ni ɗaki da dare da guɗa da fitilu, na ji abin ya tsaya mini a wuya. Amma da muka shiga ɗakin na ga ya yi mata labule da hannunsa, ya yi wa gefen ado da zare irin kalar da take so. Wannan labulen yana cikin littafin da kuke karantawa yanzu, waɗanda suka kai babi na goma sha ɗaya sun gan shi.

Saboda haka, Malam, ban bar jini na kama shirme ba. Jinin nake rubutawa, sai dai ina rubuta shi tun yana cikin jijiya, yana gudu, yana sa zuciyar yarinya bugawa in ta ji sallamar wani a ƙofar gida. Kai ma in kana da wata hanyar da za ka ba da labarin mutanenmu, bisimilla, fagen yana da faɗi, kuma zan fi kowa murna in karanta. Amma kada mu bari waɗanda suka hana mu noma da kasuwa da tafiyar dare su hana mu wannan ma.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa a Sabon Birni da Isa da Goronyo da Shinkafi da sauran ƙasar Hausa baki ɗaya. Allah ya kuɓutar da waɗanda suke hannu, ya maido da na gudun hijira gidajensu, ya nuna mana ranar da 'yan mata za su sake fita gaɗa a farin wata ba tare da uwa ta tsaya a bakin ƙofa ba. Wanda na ɓata wa rai a cikin wannan rubutu ya yafe mini.

Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu. Wassalam.

Taku har kullum,
'Yar mutan Gobir, daga Sakkwato.